Ranar da Muka Roƙi Dutse Ya Yi Shiru

Dada tana gudu. Ciwonta ke nan, ba ni da wani suna da zan ba shi. Idan abu ya fashe da ƙarfi, duk abin da ke hannunta sai ta sake shi, muciya ce ko tsintsiya ko kofin kunu, ta yi waje ba mayafi ba takalmi, ta miƙi hanyar mayo, rafin da ya ratsa bayan gonakinmu. Mace ce da gwiwa ke damunta, sai ta dafa bango take tashi daga tabarma. Amma idan ƙara ta shige ta, ni da ta haifa da ƙyar nake cim mata.

A shekarar gudu abin ya kama ta. Duk wanda ya zauna a Mubi ya san shekarar da nake nufi, wadda 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya tsere. Ina ƙarama a lokacin. Abin da na riƙe kawai shi ne yatsunta a wuyan hannuna, da ruwan mayo a ƙirjina, da Baba da ya ce mu yi gaba, zai koma ya kwance awaki ya biyo mu. Bai biyo mu ba. Da gari ya lafa muka dawo, Dada ta kama suyar ƙosai, ta sa ni a makaranta har na gama sakandare, kowa ya ɗauka ta warke. Ni ma haka na ɗauka, sai da aka kawo kamfanin fasa dutse bayan unguwarmu, can gefen Gude.

Dutsen nan muna yara muna hawansa tsinkar tsamiya. Rana ɗaya aka zagaye gindinsa da waya, aka kafa injin niƙa tsakuwa, tifofi suka fara zirga-zirga. Injin bai dame ni ba, ƙugi ne kamar ciwon kai, mutum yana sabawa. Nakiyar ce matsala. Idan suka tashe ta, ƙasa ce take fara gaya maka ta tafin ƙafa, kwanon rufi ya amsa, sannan kunne ya ji. Ranar farko a gonar masara na kamo Dada, ƙafarta duk ƙaya.

Amma suna da jiniya. Sun ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a bakin wayarsu, daidai inda gidajen unguwa suka ƙare. Kafin su tashi nakiya sai ta yi kuka, dogo, mummuna, kamar ana yanka wani abu da ba ya mutuwa. Kowa ya tsane ta. Ni kaɗai nake sonta a unguwar nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Ina ɗinki a shagon wata maƙwabciyarmu 'yar Michika, muna ce mata Madam. Shagon yana bakin hanya, gidaje kaɗan ne tsakaninsa da namu. Da jiniya ta ɗauka sai in cire ƙafa daga keke in ruga gida. Jiniyar ba ta sa Dada gudu, daskarewa take yi a inda take, domin a shekarar gudu ba abin da ya yi jiniya kafin ya fashe. Sai in zaunar da ita a tsakar ɗaki, in rungume ta ta baya, in sa baki a kunnenta ina cewa, "Dutse ne, Dada, dutse suke fasawa." Idan nakiyar ta tashi, jikinta ya fizge ni sau ɗaya, sau biyu, sai ya saki. In ba ta ruwa, in koma kan kekena. Da haka muke rayuwa, kuma tana yiwuwa.

Akwai wata al'ada da ta ƙullu tsakanin unguwa da kamfanin tun zuwansu. Idan an yi rasuwa, ko ɗaurin aure, ko suna, ko za a yi babban baƙo, jauro, wato mai unguwarmu, sai ya aika a gaya musu su yi mana shiru. Kamar dai yadda ake gaya wa maƙwabci mai injin markaɗe ya kashe saboda ana zaman makoki. Juma'a da Lahadi ma suna ɗaga ƙafa a lokacin ibada. Ba su taɓa ƙi ba, sai dai washegari su rama biyu. Wanda ake aikawa Kawu ne, ƙanen Dada. Yana da hula ta musamman saboda wannan aike. Idan ka gan shi ya ɗora ta ya nufi dutse yana tafiya a hankali, ka san gobe unguwa za ta ji kukan tsuntsaye. Yana alfahari da abin sosai. Yakan ce, "Magana ɗaya nake yi, inji ya mutu."

Da bangwaye suka fara tsagewa, rijiyar coci ta rufta daga ciki, katangar masallaci ta yi baki har yara suna leƙa liman ta ciki, sai manya suka haɗu. Jauro da liman da fasto suka kai kuka ga hukuma. Aka yi shiru har muka cire rai. Sai ga labari wai za a turo ofisa daga Yola da na'urar auna ƙara, idan ta wuce ƙa'ida za a taka wa kamfani birki.

Na yi murna kamar za a dawo mini da Baba. Na gaya wa Dada, ta ce Allah ya sa. Unguwa ta tashi da shiri. Aka share hanya tun daga bakin titi, aka kafa rumfa a ƙofar gidan jauro, aka aro kujerun roba daga coci. Mata muka dama kunun gyaɗa, aka yanka kaji. Ni da kaina na goge atamfar Dada.

Da safiyar ranar na farka na ji wani abu ba daidai ba. Na zauna a bakin gado ina nema. Sai na gane ina jin guga yana bugun bakin rijiya daga can ƙarshen layi. Ina jin kurciya. Ba inji, ba tifa.

Na sami Kawu a rumfa yana jera kujeru.

Na ce, "Kawu, injin ya lalace ne?"

"Wane inji?"

"Na dutse. Ban ji shi ba."

Ya gyara zaman wata kujera, ya ja da baya ya dube ta. "Lafiyarsa ƙalau. Jiya na hau na gaya musu."

"Ka gaya musu me?"

"Muna da baƙo mana."

Na tsaya ina kallon hular. Ita ce a kansa.

"Kawu, ƙarar ya zo ji."

"To yaya zai ji bayaninmu abin nan yana ƙugi a kansa? Mutum ya taso tun daga Yola, ki tare shi da hayaniya da ƙura? Haka aka koya miki a makarantar? Ai da bakinmu za mu gaya masa. Jauro zai yi magana, liman zai yi, fasto zai yi."

"Na'ura ba ta jin Hausa, Kawu."

"Ke dai bakinki ya fi kekenki sauri. Wuce ki taya mata zuba kunu."

Ban wuce ba. Na je na jawo Madam daga wajen tukwane, na ce ta yi wa fasto magana, ita yana sauraronta. Ta goge hannu ta tafi, ta dawo tana girgiza kai. Fasto ya ce ya gane, amma a aika jiya a ce su yi shiru, a sake aikawa yau a ce su yi ƙara? Za su ce unguwar nan an haukace. Kuma jauro ne ya aika, ba a kwance maganar jauro a gaban baƙo.

Ofisan ya iso da hantsi. Ba tsoho ba ne, ba kuma mugu ba ne, wannan ya kamata in faɗa. Mutum ne mai gajiya a ido, ya gaishe da kowa hannu biyu, ya cire takalmi kafin ya taka tabarmar jauro. Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista. Jauro ya yi bayani mai tsawo. Liman ya kwatanta ƙarar da baki har mutane suka yi dariya. Fasto ya ba da labarin rijiya. Ofisan yana gyaɗa kai, ya ci kaza, ya yaba kunu. Mu mata muna tsaye a baya cikin rana.

Sannan ya buɗe jaka ya fito da na'urar. Ƙarama ce, ba ta fi babbar waya ba, da baƙin soso a kanta. Ya kafa ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Ya kai ta ƙofar masallaci, ya kai ta ƙofar coci, ya kawo ta tsakar gidanmu saboda muna cikin waɗanda suka fi kusa da dutse. A kowane wuri sai ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Mu kuwa sai mu yi. Ban taɓa ganin unguwarmu da biyayya irin ta ranar ba. Iyaye suna toshe bakin jarirai. Wani ya kori akuya da jifa a hankali. Manya da yara muka tsaya cirko-cirko muna taya na'ura jin babu.

Na matsa na leƙa. Lambobi ne suke ɗan motsi kamar mai barci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau ba sa aiki. Mu muka hana su."

Na ji idon Kawu a ƙeyata. Ofisan ya juyo.

"Ƙanwata, na ji. Amma ni abin da na'ura ta ji shi zan kai. A ofis ba a karɓar labari."

"To ka kwana. Akwai ɗaki a gidan jauro. Gobe biyu za su tasa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce motar ba tasa ba ce, akwai wani gari da ke jiransa kafin la'asar.

"To ka sa su tashi ɗaya yanzu."

Manajan kamfanin yana wurin, ya sauko gaida baƙo da farar riga. Shi ya amsa, a tsanake. Ya ce nakiya ba ashana ba ce, sai an huda dutse an cusa, kuma mai wannan aikin an ba shi hutu yau. Ya sa hannu a ƙirji ya ce, "Jama'a ne suka roƙe mu. Mu kuwa ba ma ƙin maganar jama'a."

Jauro ya ce, "Gaskiya ne, ba su taɓa ƙi ba."

Wata goggo ta ja ni ta baya da gefen mayafi ta ce, "Ya isa, 'yar nan, kin ba mu kunya."

Da a nan aka tsaya, da mun yi asarar kaji ne kawai. Amma a wurinmu baƙo ba ya tafiya hannu wofi. Manya sun ga ofisa yana naɗe ƙarfensa bai sami komai ba, abin ya dame su, kamar mutum ya zo gidanka ya tarar tukunya a kife. Sai wani dattijo ya ɗaga sanda ya nuna dogon ƙarfen da ke bakin waya.

"Ga waccan ma, ranka ya daɗe. Ita ma tana hana mu sakat."

Kowa ya ɗauka. Wallahi kuwa, jiniyar nan. Tana tada yara, tana firgita masu ciki, ta sa kaji sun daina ƙwai. Manaja ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya ɗaga waya ya yi magana. Ofisa ya kai na'urarsa har gindin ƙarfen ya kafa. Jiniya ta ɗauka.

Na ga lambobin sun yi tsalle. Na ga gajiyar ta bar fuskarsa. Mutane suka ce, "Yauwa!" Wasu har da tafi. Ina ta cewa ba ita ce ba, ba ita ce matsalar ba, amma wa zai ji ni ƙarƙashin wannan kuka? Da ta yi shiru liman ya riga ya ɗaga hannu don addu'ar sallama.

Na ruga gida. Dada tana tsaye a bakin ɗaki cikin atamfar da na goge, ta daskare, tana jiran abin da ke biyo bayan jiniya. Na rungume ta muka jira tare. Bai zo ba. Har magariba ba ta yarda ta zauna sosai ba.

Bayan wasu makonni sai ga ma'aikatan kamfani biyu da tsani. Suka hau suka kwance ta, suka sauko da ita a kafaɗa kamar an yanko kan bijimi. Umarni ne daga sama, in ji su, ƙararta ta wuce ƙa'ida a kusa da gidaje. Daga yau jan ƙyalle za a riƙa ɗagawa a saman dutse idan za a tashi nakiya. Ita nakiyar ba a ce komai a kanta ba, tunda ba a ji ta ba.

Unguwa ta yi farin ciki. Madam ma ta ce jikanta ya sami barci. Kawu ya shigo gidanmu yana murmushi ya ce, "Kin gani, sarkin gaggawa? Hukuma ta ji kukanmu. A hankali ake bin abu."

Na hau har ƙofar kamfani na nemi manaja. Na ce ba na son komai, su kira ni a waya kawai kafin su tasa. Ya saurare ni da kyau. Ya ce idan ya kira ni, gobe kowa zai kawo lambarsa, idan kuma ya mayar da jiniya shi za a hukunta. Ya ce in riƙa duba ƙyalle.

Na juya kekena ya fuskanci dutse. Ɗinkina ya fara karkacewa, allura ta shiga yatsana har ta fito ta farce, Madam ta fara warware aikina da yamma. Duk da haka, muddin sama a buɗe take, ina ganin jan. In ruga, in same ta, in riƙe.

Sai damina ta sauka. Masara ta tashi ta fi mutum tsayi tsakanin shago da gindin dutse. Gajimare ya riƙa sauka ya zauna a kan dutsen rabin yini. Ƙyallen ma idan ya jiƙe nannaɗe sandarsa yake yi, ya yi duhu, ba ka bambanta shi da reshe. Mayo kuwa, wanda da rani yashi ne zalla yara suna ƙwallo a cikinsa, da damina ba ya sallama. Ko ba a yi ruwa a Mubi ba, idan an yi a kan duwatsun gabas, sai kawai ka ji shi ya iso, ja wur, yana ɗauke da rassa.

Ranar da abin ya faru da rana ne, bayan azahar. Na ɗaga kai na duba, fari fat, ba dutse ba ƙyalle. Na sunkuya zan sa zare. Sai ƙasa ta buge ni a tafin ƙafa.

Kafin in kewaye keke na ji Madam daga bakin ƙofa tana ihu, "Mama naki ya fita! Ya bi masara!"

Ban san inda na bar takalmina ba. Ganyen masara yana yanka mini fuska, ina kiran Dada, ba na ganin komai sai karan da ta karya a gabana. Ina jin mayo tun kafin in gan shi.

Ta riga ta shiga. Ruwa ya kai mata ƙugu, zaninta ya buɗe yana jan ta gefe. Hannunta ɗaya yana gaba yana laluben hanya. Ɗayan yana baya, a ƙasa, a dunƙule, daidai tsayin wuyan hannun yarinya ƙarama.

Na faɗa ruwan na sa hannuna a cikin nata. Ta damƙe shi nan take, ba ta ko waiwayo ba.

Ta ce, "Riƙe ni da kyau. Babanki yana zuwa."

Ta ja ni gaba. Ƙarfinta ya fi nawa, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata, wani reshe ya doke ni a haƙarƙari ya wuce. Na ce dutse ne, dutse suke fasawa, ba ta ji. Maganar nan kafin ƙara take aiki, bayanta ba ta da amfani. Ruwa ya kai mini ƙirji, inda ya kai mini a wancan karon.

Sai na zagaya gabanta, na juyo da kafaɗunta da dukan ƙarfina har ta fuskanci inda muka fito. Na ce, "Dada, ga gaɓar can. Mun kusa ƙetarewa. Ja ni."

Ta ja ni. Ita ta fitar da mu. Muka zube a cikin laka gefen masara, tana haki tana shafa kaina tana cewa mun tsira. Can ta dubi gonar, ta dubi dutsen da gajimare ya fara saki, ta ga jan ƙyallen a manne da sandarsa. Ta juyo gare ni. Ta ce, "Ina takalminki?"

Washegari na ɗauko kekena daga shagon Madam na kawo gida. Kulle ƙofa ba ya yi, na gwada sau ɗaya, ta doki ƙyauren har farcenta ya cire. Don haka na kafa keken a bakin zaure daga ciki, duk mai fita sai ya bi ta kaina. Ko banɗaki zan shiga sai na kira Madam ta katanga.

Kawu ya zo duba 'yar'uwarsa. Ya zauna a kan turmi. Ya ce jauro ya sake kai kuka, an ce ofisa zai dawo idan ruwa ya ɗauke, hanya ta yi kyau. Ya ce wannan karon za a yi shiri sosai.

Na ce, "Kawu, idan ka sake ɗora hular nan ka hau dutse, wallahi a murhu za ka same ta."

Bai yi mini faɗa ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya murza gemunsa ya ce, "To idan jauro ya aike ni, in ce masa me? Baƙo ne fa."

Ruwa bai ɗauke ba tukuna. Yau tun safe tifofi suke wucewa zuwa gindin dutse ba kaya, ba wadda ta dawo, inji kuma ya yi shiru ba wanda ya roƙe shi. Tsakuwa ta ƙare musu ke nan, sai sun tashi nakiya. Na leƙa ta saman katanga, dutsen ba ya nan, gajimare ya haɗiye shi. Dada tana tsakar gida tana tsince wake, tana ɗan waƙa a ciki. Na matsar da kujerata ta tare ƙofa sosai, na cire takalmi na ajiye ƙafafuna a ƙasa. Daga nan ina jin mayo.